Gigin Tsufa da Mutanen da ke Bincikensa

Jama'a masu sauraronmu a Bagudo da Ka'oje da Zagga da Illo da Lolo da Tsamiya, da 'yan'uwanmu da ke kama mu daga tsallaken iyaka, a Segbana da Madekali da Malambil, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan lafiya.

Maganarmu ta yau ta tsofaffi ce, amma rabinta da matasa nake yi, musamman 'yan sakandare da masu shirin rubuta jarrabawar shiga jami'a. In akwai su a gida, a kira su su matso kusa da rediyo.

Babu unguwar da ba a san wannan hali ba. Dattijon da ya ƙare rayuwarsa yana su a Kwara, ya san kowane lungu na ruwa, wata rana ya fito daga masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa. Tsohuwar da ta aurar da 'ya'ya da jikoki, yanzu sai ta ci tuwo ta wanke hannu, an jima kaɗan ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Ta ɓoye kuɗinta ƙarƙashin tabarma ta manta, ta ce surukarta ce ta ɗauke. Mukan ce gigin tsufa ne, ko mu ce ta ruɗe. Wasu su ce iska ce ta taɓa ta, wasu su ce jifa ne. Mafi muni, in ta fita da dare ta ɓace hanya, aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, sai ka ji an ce mayya ce. An sha dukan tsofaffi marasa lafiya a ƙasar nan kan wannan zato, kuma wannan abin kunya ne a gare mu.

Likitoci suna kiran abin cutar mantuwa. Tsufa kaɗai ba ya kawo ta, ga 'yan shekara casa'in nan muna gani da hankalinsu garau. Cuta ce da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma sama da kashi 60 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ake kira cutar Alzheimer, da sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya ba da bayanin wata mata da aka kawo masa asibiti tana da shekara 51, ta manta komai. Bayan rasuwarta ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga wasu dunƙulalliyar ƙazanta da zarurruka a harɗe cikin ƙwayoyin. Nau'i na biyu kuma daga jijiyoyin jini yake zuwa, bayan shanyewar ɓarin jiki ko hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba.

To, su wane ne ke wannan bincike? Akwai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai likitan taɓin hankali. Akwai kuma wani na uku da ba mu cika jin labarinsa ba, wato masanin auna aikin ƙwaƙwalwa. Shi ba ya fiɗa, ba ya rubuta magani. Aikinsa ya zauna da mutum, ya yi masa tambayoyi, ya ba shi 'yan ayyuka, daga yadda ya amsa ya gane wane sashe na ƙwaƙwalwa ne ya raunana: na tuna abu, ko na magana, ko na gane hanya, ko na tsara aiki. Ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni mace ce, Brenda Milner, wadda aka haifa a Ingila a 1918. Da lissafi ta fara a jami'a, sannan ta koma nazarin halayyar ɗan Adam, ta yi ƙaura zuwa Kanada. Ta shafe shekaru tana nazarin wani mutum da aka yi wa fiɗa a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire wani sashe daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa. Tun daga ranar ya daina riƙe sabon abu. Kullum ta zo, baƙuwa ce a wurinsa. Amma da ta koya masa zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, sai hannun ya riƙa ƙwarewa kowace rana, alhali shi bai tuna ya taɓa yi ba. Nan aka gane tunawa iri-iri ce, kowace da mazauninta. Shi ya sa za ka ga tsohuwa ta manta sunan jikanta amma hannunta bai manta damun fura ba. Kada a ce da gangan take yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Gwajin da ya fi yaɗuwa a asibitocin duniya an ƙirƙiro shi ne a Amurka a 1975. Yana tambayar mutum yau nawa ga wata, wace shekara ake ciki. Yana sa shi ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla guda, ya ɗauki fensir ya kwaikwayi zane. Ku ɗauki wannan takarda ku kai wa dattijo a Lolo, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, wanda lissafin kwanakinsa da watan Musulunci da ranar kasuwa yake yi, lokacinsa kuma da salloli biyar. Zai faɗi gwajin warwas, alhali a kansa yake riƙe da bashin buhunan shinkafar mutum goma ba tare da takarda ba. Tun a 1931 da 1932 wani masani ɗan Rasha, Alexander Luria, ya ci karo da wannan a ƙauyukan Uzbekistan. Ya nuna wa manoman da ba su yi makaranta ba hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce su fitar da bare a ciki. Amsar 'yan makaranta ita ce gungume, tunda sauran kayan aiki ne. Manoman suka ƙi fitar da shi, hujjarsu kuwa, in babu itacen me za a yi da zarto da gatari? Hankalinsu lafiya lau. Tambayar ce ta zo da ɗabi'ar aji.

A Nijeriya, waɗanda suka fara ɗaukar wannan matsala da gaske mutanen Ibadan ne. Jagoransu Farfesa Benjamin Osuntokun, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda aka haifa a 1935, ya kuma yi suna tun da farko da bincikensa kan yadda gubar rogon da ba a sarrafa da kyau ba ke lalata jijiyoyi. A 1992 shi da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka fara wani gagarumin aiki: su gwada tsofaffin Yarabawa na unguwar Idikan a Ibadan da tsofaffin baƙar fatar Amurka na birnin Indiyanapolis, da ma'auni guda. Osuntokun ya rasu a 1995, almajirinsa Adesola Ogunniyi ya ɗora, tare da likitocin taɓin hankali Olusegun Baiyewu da Oye Gureje. Ina so matasa su lura da sauran 'yan tawagar. Kathleen Hall, wadda ta jagoranci tsara tambayoyin tantancewa, masaniyar yaɗuwar cututtuka ce. Frederick Unverzagt masanin auna aikin ƙwaƙwalwa ne. Sujuan Gao kuma gwanar lissafi ce, aikinta alƙaluma. A ƙarƙashinsu akwai waɗanda sunansu bai fito a jarida ba, masu bi gida-gida suna gaishe da tsofaffi da Yarabanci, suna zama suna tambaya. Ba don su ba, da farfesoshin ba su sami abin rubutawa ba.

Bari in nuna muku abu ɗaya da suka ƙirƙiro, domin ya burge ni ƙwarai. Sun lura tsohon da bai saba riƙe fensir ba, da an miƙa masa sai ya ji kunya, ko ya ce shi bai iya ba. Sai Baiyewu da Unverzagt da abokan aikinsu suka ajiye fensir suka ɗauko tsinken ashana huɗu. Mai gwaji zai jera su a gaban dattijo su ba da wata siffa, misali murabba'i, ko siffar manjagara, kan kowane tsinke yana fuskantar inda aka nufa. Sai ya tattara su ya miƙa masa, ya ce, "Baba, jera mini kamar yadda na yi." Mai lafiya, ko bai san bihim ba, zai jera. Wanda cutar ta fara taɓawa sai ka ga yana jujjuya tsinken a hannu, ya ajiye biyu daidai, na ukun ya karkace, ko kawunan su juya baya. An wallafa wannan gwaji a 2005, kuma an ci gaba da amfani da shi a wurare da dama inda tsofaffi ba su yi boko ba. Kuɗinsa kwalin ashana ɗaya.

Ko shekarun mutum sai da dabara. Binciken na 'yan 65 zuwa sama ne, tsofaffinmu kuwa ba su da takardar haihuwa. A Ibadan sai suka yi amfani da jerin manyan abubuwan tarihi, haka ma aka yi a Kwatano. A nan Bagudo mai tambaya zai ce, "Inna, lokacin da aka kashe Sardauna kina ina?" In ta ce tana tallan nono, an san a 1966 ta yi wayo. Ko ta ce an kai ta ɗaki shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, wato 1973. Ɗan tsallake kuma zai tuna lokacin da Dahome ta koma Benin a 1975. Baƙo ba zai san wace tambaya zai yi ba.

Rabin gwajin tantancewar mutanen Ibadan ma ba tsohon ake tambaya ba. Wanda ke zaune da shi ake tambaya, matarsa ko 'yarsa ko surukarsa: da can haka yake, ko canzawa ya yi? Domin abin da ake nema shi ne raguwa daga yadda mutum yake a da. Almajiran ilimi da ke sauraro sun san malaman hadisi sun daɗe da wannan lura. Sun gane wasu amintattun masu ruwaya sun ruɗe a ƙarshen rayuwa, kamar Aɗa'u ɗan Sa'ibu na Kufa, sai suka riƙa bincikar wa ya ji daga gare shi kafin ruɗewar, wa ya ji bayanta. Suka karɓi ruwayar Shu'uba da Sufyanus Sauri daga gare shi saboda su tun da wuri suka ji. Ba su ce aljani ya shige shi ba, ba su kuma zubar da darajarsa ba.

Me aka gano? A sakamakon da aka fitar a 1995, cikin tsofaffin Ibadan 2,494, kashi 2.29 cikin 100 ne ke da cutar mantuwa, a Indiyanapolis kuwa kashi 8.24. An kuma ga cewa wata ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin cutar a Turawa da Amurkawa ba ta nuna irin wannan ƙarfi a Yarabawa ba. Masana sun danganta bambancin da abubuwa kamar abinci da ƙarancin kitse a jini da ciwon suga a tsofaffin Ibadan na wancan lokaci. Kada wannan ya sa mu saki jiki, domin cimarmu tana canzawa, hawan jini kuma ya zama ruwan dare.

A Arewa, Dakta Abdulkareem Jika Yusuf da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada tsofaffi 322 a Zariya, suka sami kashi 2.79, aka wallafa a 2011. Wani bincike a Jos a 2006 ya sami kashi 6.4. A tsallake, Farfesa Dismand Houinato na Kwatano da Maëlenn Guerchet da Pierre-Marie Preux na Jami'ar Limoges ta Faransa sun gwada mutum 502 a karkarar Djidja, suka sami kashi 2.6, sannan binciken Kwatano na mutum 1,139 ya ba da kashi 3.7. A Faraku kuma, birnin da ya fi kusa da mu cikin waɗannan na Benin, akwai Farfesa Thierry Adoukonou, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da ke koyarwa a jami'ar garin.

Za mu ɗan shaƙata, mu dawo.

(Kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Kun ji garuruwan da na lissafa: Ibadan, Zariya, Jos, Djidja, Kwatano. Duk alƙaluman da na kawo na tsofaffin wasu ne. Namu tsofaffin kuwa, a wannan yanki da Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci da Kyanganci ke cakuɗe a kasuwa ɗaya, auna su sai ɗan gida. Sai da ɗan gari akan ci gari. Dattijo zai iya yin ciniki da Hausa shekara da shekaru, amma in cutar ta yi nisa, sau da yawa harshen da ya koya daga baya ne ke fara zamewa, ya koma na nonon uwa. In ka gwada shi da Hausa ka ce ya kasa, ka zalunce shi. Ko ku ɗauki wata tambaya da ake yi ko'ina: lissafa mini dabbobin da ka sani cikin minti ɗaya. Bafulatanin Ka'oje zai iya fara jero maka shanu, kowace da sunanta gwargwadon launi da ƙaho. Maki nawa za ka ba shi, ɗaya ko goma? Wanda bai ji Fulatanci ba ko tambayar ba zai san ta taso ba.

Ga kuma batun yarda. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma suna da gaskiya in sun yi taka-tsantsan da baƙon da ya zo neman jini. Bincike na gari sai an yi wa mutum bayani da harshensa, ya amince, yana da damar ya ce a'a. Matar kulle kuma ba za ta faɗa wa baƙon namiji cewa surukarta ta fara fitsarin kwance ba. Wannan aiki yana neman 'yan mata masu ilimi, kuma ina roƙon iyaye su ji wannan da kyau.

To, ta ina ake shiga? Mai son zama likita, ya riƙe Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji tun daga sakandare. Karatun likita shekara shida ne, a wurare irin su Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa a fannin jijiyoyi ko taɓin hankali. Hanya ce mai tsawo, ba zan ɓoye muku ba. Mai son auna aikin ƙwaƙwalwa kuma nazarin halayyar ɗan Adam zai karanta, kamar yadda ake koyarwa a jami'o'in Jos da Ibadan, ya ɗora da digiri na biyu a ɓangaren asibiti, ya sami horo a wuri irin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ko na Barnawa a Kaduna. Wanda ya fi ƙarfi a lissafi, alƙaluman lafiya na jiransa. Wanda ya shiga makarantar koyon jinya ta Birnin Kebbi ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega, shi ne ma zai fi kowa ganin tsofaffin nan, domin ɗakin shan magani na ƙauye ake fara kai su. Yaron iyaka da ke jin Faransanci kuwa ƙofa biyu gare shi, tunda Jami'ar Faraku tana da tsangayar likitanci, kuma manyan binciken yanzu ƙasashe da yawa suke haɗawa. Ƙungiyar masu binciken cutar mantuwa ta Afirka, wadda Farfesa Rufus Akinyemi na Ibadan ke jagoranta, tana aiki a Nijeriya da Benin da wasu ƙasashe.

In wani ya ce wannan sai 'yan Kudu ko Turawa, ku ba shi labarin Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Nguru ta jihar Yobe. Ilimin sassan jikin ɗan Adam ya karanta a Jami'ar Maiduguri, ya tafi Jami'ar Sussex a Ingila ya yi digirin digirgir kan cutar Alzheimer. Bai tsaya can ba. A 2021 ya jagoranci kafa cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na'urori na zamani, inda ake horar da matasa, ana kuma nazarin cutar mantuwa a mutanen yankin. Gwamnatin jiharsa ta mara masa baya. A ganina abin da Yobe ta yi bai fi ƙarfin Kebbi ba, ga jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, ga ta jiha a Aliero. A fara da ƙaramin abu: a ɗauki nauyin karatun 'yan yara kaɗan, a fassara gwajin tantancewa zuwa harsunanmu, a gwada shi a kan tsofaffi masu lafiya tukuna don a san ma'auninmu, sannan a koya wa ma'aikatan lafiya na karkara.

Kafin lokaci ya ƙure, ga saƙo ga iyalan da ke jinya yanzu haka. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba. Akwai waɗanda ke ɗan rage alamunta, duk wanda kuma ya ce muku yana da na warkewa, ku riƙe kuɗinku. Amma ba kowace ruɗewa ce cutar mantuwa ba. In abin ya zo farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku, yana iya zama zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko faɗuwar suga ko illar wani magani, kuma wannan na gaggawa ne, a garzaya asibiti. Baƙin ciki mai tsanani da kurumta da ƙarancin wasu sinadarai a jiki su ma suna kama da ita, kuma suna da magani. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar suna da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da gani, da ƙarancin karatu tun ƙuruciya.

In za ku kai Baba ko Inna asibiti, wanda ke kwana yana tashi da su shi zai raka su, ba babban ɗa da ya zo daga birni jiya ba. Ku tafi da duk magungunan da suke sha, na asibiti da na gargajiya. Ku tuna yaushe abin ya fara, da me ya fara. Ku nemi a auna jini da suga. A gida kuma kada a yi musu da su, kada a ɗaure su, kada a bar yara su yi musu ature. Mu da ke bakin ruwa, a sa ido kan hanyar kogi, a kuma sanar da mai unguwa da maƙwabta halin da ake ciki, domin in an gan su a hanya a dawo da su gida cikin mutunci. Mai jinyar ma a riƙa karɓarta tana hutawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan hawan jini da yadda ake auna shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kula da su da alheri.